Itacen da Mama Ta Wanke

Mama ta shigo gidanmu da akwati ɗaya da bokiti biyu da sharaɗi. Akwatin muka kai ɗakin yara, tunda su biyun suna makarantar kwana. Bokitan ta hana kowa taɓawa. Sharaɗin kuwa tun a bakin ƙofa ta faɗe shi, ko takalmi ba ta cire ba.

"Wata uku zan gwada. In na ga ina da amfani, na zauna. In na ga na zama kaya, yayanki ya zo ya ɗauke ni."

Na ce, "Haba Mama, wane irin kaya kuma? Gidan 'yarki ne fa."

"Gidan mijin 'yata ne," in ji ta. "Kada ki mai da ni yarinya."

Shekara talatin da ɗaya Mama ta yi tana shara da goge-goge a asibiti, ashirin daga ciki a ɗakin tiyata. Da lokacin ritaya ya yi aka ba ta takardar yabo a cikin firam, aka karɓi makullin ɗakin da take zaune a gidajen ma'aikata. Mu biyu ta haifa, ni da Yaya. Yaya yana wani gari mai nisa, a hawa na huɗu na wani dogon bene, shi da matarsa su fita aiki da sassafe su kulle ƙofa, ba sa dawowa sai rana ta faɗi. Mutumin kirki ne, ban ce ba. Amma gwiwoyin Mama sun riga ta yin ritaya, kuma na sani sarai in ta hau benen nan ba za ta ƙara saukowa da ƙafarta ba. Saboda haka wata ukun nan ni aka ɗibar wa, ba ita ba.

Matsalar ita ce mijina. Gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki yake yi, abokan sana'arsa suna kiran sa Mai Sanyi, kuma duk wanda ya raɗa masa sunan nan ya san shi ciki da waje. Shekara goma sha shida muna tare ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Mata suna ce mini na yi dace. Su zo su gwada yin faɗa da mutumin da in kin gama zazzaga masifa sai ya tambaye ki ko za ki sha ruwa.

To wannan sanyin shi ya juye wa Mama. Ta ɗauki tsintsiya, ya taso da sauri: "Mama, ku kawo, ku huta." Ta nufi wurin wanke-wanke: "Mama, don Allah ku bari." Ya kawo mata kujera mai laushi ya ajiye a falo, har da ɗan abin ɗora ƙafa. Matar da ta yi shekara talatin a tsaye aka dasa ta wuri ɗaya kamar tukunyar fure. Kafin mako biyu ta daina magana sai an tambaye ta. Na lura kuma ba ta kwashe kayanta daga akwati ba, kullum sai ta zaro na sawa ta mayar da murfin.

Wata safiya na tare shi a ƙofar gida yana ɗaure jakar kayan aikinsa a bayan babur.

"Kai, so kake ta tafi?"

"Ni? Subhanallahi. Girmama ta nake yi."

"To girmamawarka ce za ta kore ta. Ka ba ta aiki."

"Wane aiki zan ba surukata?"

"Ko ma wane iri ne. Ka ba ta kifayenka ta riƙa yi musu wanka."

Baƙar magana na yi, don kifayen nan sun daɗe suna ba ni haushi. Shi kuwa bawan Allah sai ya ɗauke ta shawara.

A cikin wani dogon akwatin gilashi suke, wanda ya cinye rabin bangon falonmu, da fitila a samansa da ɗan inji mai tace ruwa da ke gurnani ba dare ba rana. Kifaye goma sha tara ne a ciki. Akwai ƙanana masu zane ja da shuɗi da ke yawo a gungu, akwai wasu biyu faffaɗa masu tafiyar ƙasaita, sai wani baƙi mummuna da ke manne bakinsa a jikin gilashi yana tsotse gansakuka. Ba a cin su, ba sa gadi, ba sa ko amsa kira. Amma in Mai Sanyi ya dawo daga aiki, su yake fara gaisarwa kafin ni.

Wajen ƙawata akwatin nan yana da aƙida. Ba ya sayen kayan ado na shago, irin ƙananan gidajen roba da furannin da aka yi wa fenti. Ya ce ga tsada, ga shi fentin yana ɓarewa ya lalata ruwa. Duk abin da ke ciki tsinto shi ya yi: duwatsun bakin kogi, ƙoƙon kwakwa da ya kankare ya huda masa ƙofa, fasasshiyar tukunyar ƙasa da ya goge bakinta don kada ta yanki kifi, da busasshen ganye da ke sa ruwan ya yi ja-ja kamar shayi marar ƙarfi.

Ranar Asabar ɗin makon ya ce zai je ƙarƙashin gada neman sababbin duwatsu da itace, ya durƙusa a gaban kujerar Mama ya ce, "Mama, da za ku raka ni, da kun taimake ni. Idona ba ya rarrabe mai tsabta da marar tsabta kamar naku."

Ta kalle shi ta gefen ido, tana neman inda zolayar take. Ba ta samu ba. Ta ce a miƙo mata mayafinta.

Ni ma na bi su, don wani ya riƙe ta a gangaren. A bakin ruwa ya shimfiɗa mata buhu ta zauna, ya riƙa kawo duwatsu yana zubewa a gabanta. Ya zaro 'yar kwalbar ruwan kal, ruwan tsamin nan na girki, daga aljihu, ya ɗiga a kan wani farin dutse. Nan take wurin ya fara kumfa yana ƙara siii.

"Kun gani? Duk wanda ya yi haka, a jefar. Zai riƙa narkewa a hankali yana canza ruwan. Wanda ya yi shiru, namu ne."

"Wannan mai jan layin fa?"

"Tsatsa ce, akwai ƙarfe a cikinsa. Shi ma a jefar."

"Mai kaifi?"

"A jefar, ko a goge shi."

Mama ta gyara zama. Na ga fuskarta ta koma irin wadda na sani tun ina yarinya, in ta ɗaura ɗankwali za ta fita aiki. Mace ce mai son doka. Ka ba ta aikin da aka ce ga halal ga haram, ka gama mata komai. Ta karɓi kwalbar daga hannunsa ba tare da ta nemi izini ba, ta shiga yi wa duwatsu shari'a ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya faɗi jarrabawa ta wurga shi ruwa tana cewa, "Munafuki, ga ka fari tas ashe ciki ba kyau."

Ita ce kuma ta hango itacen. Wata saiwa ce da ruwa ya kawo ya yasar a kan yashi, ta bushe ƙayau, ta murɗe ta yi rassa biyar. Mai Sanyi ya ɗauko ya juya ta, ya kankara da farce, ya sansana.

"Ba ɗanye, ba ƙaro, ba wari. Mama, shekara uku ina neman irin wannan."

"Ai ba nema kake ba, yawo kake," in ji ta. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ni dai ban taɓa jin ta zolaye shi ba sai ranar.

Kwana biyar aka yi ana dafa itacen nan a babbar tukunyata, wadda ban yafe ba har yau. A tafasa, ruwan ya yi baƙi, a zubar, a sake. Mama ta tambaye shi dalili, ya ce don ya fitar da launinsa, ya sha ruwa ya nutse, kuma duk wata ƙwayar cuta da ke cikinsa ta mutu. Ta gyaɗa kai, don wannan yaren nata ne. Ita ta tsaya a kan tukunyar, ita ta ce bai yi ba a ƙara kwana ɗaya. Da aka saka shi a tsakiyar akwatin, aka jera duwatsunta a gindinsa, ƙananan kifayen suka shiga ratsa rassan suna fita. Baƙin nan mummuna ya bar gilashi ya koma kansa ya tare.

"Wannan abokin aikina ne," in ji Mama. "Kowa na yawo yana nuna riga, shi yana goge-goge." Ta sa masa suna Lebura.

Daga nan abincinsu ya koma hannunta, safe da yamma, ɗan abin da yatsu biyu suka ɗauka. Ta san wanda ya ci da wanda bai ci ba. In Mai Sanyi ya dawo sai ta ba shi rahoto a tsaye, kamar mai miƙa aiki ga wanda ya karɓe ta. Ana cikin wata na biyu na shiga ɗakinta na tarar kayanta suna cikin kabad, akwatin kuma an tura shi ƙarƙashin gado. Na fito na shiga kicin na yi kukan daɗi ni kaɗai, na wanke fuska don kada ta gani ta ce ina da shirme.

Sai aka kira shi aikin haɗa ɗakin sanyi a wani gari, na kwana huɗu. Da zai tafi ya ce, "Mama, na bar muku amanarsu." Ta ce ya je abinsa.

Kwana ɗaya da tafiyarsa wani farin abu ya fito a jikin itacen, mai yauƙi, kamar audugar da ta jiƙe. Daga baya na ji cewa ba komai ba ne, sabon itace yakan yi haka, kuma Lebura ma cinye shi zai yi. Amma wa ya sani a lokacin? Mama ta nuna mini da safe ina shirin fita ofis, na leƙa ina saka ɗan kunne na ce, "Ƙazanta ce kawai, bari ya dawo." Ta ce, "Kwana uku? A bar ruɓa a ɗakin da masu rai suke har kwana uku?" Na ce ta yi yadda ta gani, na fita. Sauri nake, shugaban makarantar da nake yi wa aikin buga takardu ba ya son latti.

Da na dawo da yamma, tun daga ƙofa na ji gidan yana ƙanshin asibiti. Bokitan nan biyu suna kife a baranda suna bushewa, safar hannunta ta roba tana rataye a kan igiya. Ta zayyana mini yadda ta yi, tana ƙirgawa da yatsu. Ta cire itacen da ƙoƙon kwakwa da tukunyar da manyan duwatsun. Bokiti na farko ruwan bilic mai kashe ƙwayoyin cuta, minti goma cif, da agogo. Bokiti na biyu garin sabulu da buroshi, lungu-lungu. Ɗauraya sau uku. Shanya a rana. Sannan ta mayar da kowanne inda yake, ko karkata bai yi ba. Haka ta yi wa kayan ɗakin tiyata shekara ashirin, kuma ba a taɓa samun ta da kuskure ba.

Itacen ya yi fari sol, duwatsun suna ƙyalli. Wallahi ya yi kyau. Na ce, "Kai Mama, ai in ya dawo ba zai gane akwatinsa ba." Ta yi murmushi ta ce in bar zuzutawa, aiki ne kawai.

Da gari ya waye muryarta ce ta tashe ni, tana kiran sunana a hankali, irin kiran da ba na alheri ba. Na fito na same ta tsaye a gaban gilashin da gwangwanin abincinsu a hannu. Lebura yana kwance a gindin itacen, cikinsa a sama. Ƙananan sun taru a saman ruwa suna buɗe baki, wasu sun riga sun kife suna juyawa a inda injin ke turo ruwa. Faffaɗan nan biyu masu ƙasaita sun jingina da gilashi a karkace.

"Ciwon ya riga ya shige su," in ji Mama. "Na makara. Da tun shekaranjiya na wanke."

Ban san komai game da kifi ba, amma na san jiya da safe lafiyarsu ƙalau. Na ɗauki waya na fita bayan gida na kira shi. Na faɗa masa abin da na gani, sannan na faɗa masa na jiya.

"Da me ta wanke?"

"Bilic da garin sabulu. Amma ta ɗauraye sau uku."



"Itace yana shan ruwa kamar soso," in ji shi. "Tukunyar ƙasar ma haka. Ko sau ɗari aka ɗauraye yana nan a ciki, sai an mayar cikin ruwa ya riƙa fitowa. Ko hannun da aka wanke da sabulu ba a sawa a akwatin nan."

"Ka faɗa mata haka?"

"Ban faɗa ba."

"Ka koya mata ruwan kal, ka koya mata tsatsa, ka koya mata ƙaro, ka bar wannan?"

"Ban taɓa zaton akwai wanda zai..." Sai ya haɗiye sauran.

Ya ce in yi maza in cire masu sauran numfashi in sa su a roba mai tsabta da ruwan da ya kwana a jarka. Sannan ya ce, "Ba ni ita in yi mata bayani."

A nan ne na yi nawa. Ni ɗin nan da na yi shekara goma sha shida ina yi masa gorin sanyi, ni ce na ce, "Kada ka kuskura. Saura mako uku wata ukun su cika. In ta san ita ce, yau ɗin nan za ta kira Yaya. Ta ce ciwo ne, ka bar ta a kan ciwo." Ya ce ƙarya ba kyau. Na ce hawa na huɗu ma ba kyau. A ƙarshe ya amince.

Biyar muka cire da rai, kafin azahar saura biyu, kafin yamma ba ko ɗaya. Mama ce ta riƙa tsamo su da 'yar raga, tana jerawa a kan farin tsumma, manya a gefe ƙanana a gefe. Da ta gama ta ninko tsumman ta rufe su. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Amana ya bar mini."

Ya dawo ranar Laraba. Ya tsaya a gaban akwatin ya daɗe, jakarsa ma bai sauke ba. Na san abin da kifayen nan suke a wurinsa, wasu shi ya raine su tun suna kamar ƙwayar shinkafa, kuma na ji tausayinsa har raina. Sannan ya juya ya durƙusa a gaban kujerar Mama, ya yi ƙasa da murya, ya tausasa ta iya tausasawa.

"Mama, kada ku sa komai a ranku. Cuta ce take zuwar musu haka, lokaci ɗaya. Ba laifin kowa ba ne. Kun yi iya ƙoƙarinku, Allah ya saka da alheri. Ku dai ku kwantar da hankalinku."

Ni kuma ina gefe ina ƙara gishiri: "Ai ya ce ma da ba ki wanke ba da tun ranar za su mutu."

Mama ta dube shi, ta dube ni. Ta daɗe tana dubanmu. Ta ce, "To. Allah ya mayar da alheri."

Washegari da sassafe ya kwashe ruwan, ya zuba itacen da ƙoƙon da tukunyar da duwatsun a buhu, ya ɗaure bakin, ya fita da shi. Na ɗauka mun tsallake.

Da na dawo daga ofis da la'asar, kujerar Mama ba kowa. Tana zaune a kan kujerar katako ta teburin cin abinci, da mayafinta a jiki, ƙafafunta sun kumbura sun cika takalmin. A kan teburin an shimfiɗa tsohuwar jarida, a kan jaridar ga ƙoƙon kwakwar nan. Ta ce in zauna mu jira shi. Muka zauna har muka ji tsayuwar babur ɗinsa.

Da ya shigo ya ga ƙoƙon, sai ya ajiye jakarsa a hankali ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ta taga na gan ka da safe," in ji Mama. "Ka yi wa buhun ɗauri biyu. Ka wuce kwandon sharar gidan nan, ka wuce na maƙwabta, ka kai shi can ƙarshen layi. Shekara talatin ina kwashe shara, na san wadda aka zubar da wadda aka ɓoye. Kuma na ga abin da ka zuba a ciki. Abin da hannuna ya taɓa ne kaɗai. Tsakuwar ƙasa da ban taɓa ba tana nan a roba ka adana."

Ta je ƙarshen layin da gwiwoyin nan nata, ta kwance buhun, ta ɗauko ƙoƙon. Ta hau motar haya har shagon da yake sayen abincin kifi, don sunan shagon yana jikin gwangwanin. Ta miƙa wa mai shagon ta ce kifayen wani gida ne suka mutu, ko zai gane dalili.

"Ya kai hancinsa sau ɗaya ya kawar da kai. Ya ce, 'Mama, wane mugun ne ya yi wannan? Ai wannan kisa ne. Ko mahaukaci ya san ba a haɗa kifi da bilic.' Na ce masa na gode."

Mai Sanyi ya ce, "Mama, laifina ne, ni ne ban faɗa muku..."

Ta ɗaga masa hannu.

"Kifi na kashe, goma sha tara, da hannuna. Wannan nawa ne, zan ɗauka, kuma ina roƙon ka gafara. Ba shi ya zaunar da ni a nan ba." Ta juyo gare ni, sannan ta koma gare shi. "Shekarata ta biyu a tiyata na ɗauki wani ƙarfen aiki da aka riga aka dafa, na goge shi da tsummana don na ga kamar da ƙura. Babbar nas ta wanke ni tas a gaban kowa, har likitoci suna leƙowa. Na shiga banɗaki na yi kuka. Washegari ta kira ni ta nuna mini yadda ake yi, ta ce in na sake sai ta kore ni. Ban sake ba. Wanda ake sa ran zai ƙara aiki gobe, shi ake yi wa faɗa."

Ta dubi Mai Sanyi ta ci gaba.

"Muryar da ka yi mini jiya kuwa, na san ta. Ina goge ƙasa a gindin gado nake jin ta. 'Kada ka sa komai a ranka, Baba, ka kwantar da hankalinka, ka ci duk abin da kake so.' In na ji likita ya yi wa mutum wannan muryar, na san ba a jima ba zan zo in canza zanin gadon. Ba a yi wa wanda zai tashi irin wannan muryar."

Na ce, "Mama, ni ce na sa shi. Ni na ce kada ya faɗa."

"Na sani," in ji ta. "Shi bai iya ƙarya ba. Na kira yayanki, jibi zai zo."

Kwana biyun nan ba irin roƙon da ba mu yi ba. Mai Sanyi ya ce zai sake haɗa akwatin, ba zai iya ba sai da ita, su koma ƙarƙashin gada ranar da ta ga dama. Ta ce Allah ya yi masa albarka. Duk abin da muka faɗa sai ya fito da muryar nan da ta ce ta sani, mu da kanmu muna jin ta a bakinmu, mun rasa yadda za mu cire ta. Na tuna mata benen, na tuna mata ƙofar da ake kullewa. Ta ce a can aƙalla ba wanda zai ƙirƙiro mata aiki don ta ji daɗi.

Yaya ya iso ranar Asabar da hantsi. Ya sha ruwa, ya gaisa da Mai Sanyi, ya kai kayanta mota. Bai san komai ba, sai murna yake yana cewa ya gyara mata ɗaki mai taga, har talabijin ya sa mata. Mama ta shiga gidan baya, ya tayar da mota.

A nan abin ya ƙwace mini. Na riƙe ƙofar motar na buɗe murya, a tsakiyar layi, maƙwabta suna leƙowa.

"Wa ya aike ki? Wa ya ce ki taɓa? Mutum ya yi shekara da shekaru yana kiwon abinsa, kin zo rana ɗaya kin kashe masa su tas! Ba ki iya tambaya ba? Ga waya a gidan, ba ki iya kira ba? Komai ke kin sani, komai sai bilic! To ki fito ki gyara ɓarnar da kika yi, ba inda za ki!"

Yaya ya zaro ido ya ce, "Ke, kin haukace? Mama kike faɗa wa haka?"

Mama ba ta ko dube shi ba. Ni take kallo, hawaye ya wanke mini fuska har ina haɗiye shi. Ta saurare ni har na ƙare, kamar mai duba aikin da aka kawo mata. Sannan ta miƙo hannu ta taga ta gyara mini ɗankwalina da ya zame.

"Kin yi ƙoƙari," ta ce. "Amma wannan ma lallashi ne."

Ta ce wa Yaya su tafi kada rana ta yi musu. Na saki ƙofar.